Kujerar Yaya Mai Wanki

Ku gafarce ni, shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata, da na shigo muku da wannan magana alhali aiki ya yi muku yawa. Ban saba magana a gaban manya ba, rashi ne ya tilasta mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, Allah ya karɓi ran shugabarmu ta ƙungiyar mata masu wankin asibiti, wadda kuka sani da Yaya Mai Wanki, bayan ta yi fama da ciwon ƙirji.

Yaya, ke kika karɓe ni ranar da na fara aiki. Kika kama hannuna kika juya, kika ce wannan hannun, allo ya sani, bai san ruwan sinadari ba. Safar hannunki kika cire kika ba ni, kika ƙarasa zannuwan ɗakin haihuwa da hannu tsirara. Sai daga baya na ga yadda yatsunki suka tsattsage.

Da kika fara zuwa taron haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, aka ce miki kujerun tebur na ƙungiyoyin da aka karɓa ne, mu 'yan kallo ne, mu tsaya a baya. Ba ki yi musu ba. Taro na gaba sai ga ki da kujerarki 'yar tsugunno ta ɗakin wanki, kika dasa ta tsakanin malaman makaranta da direbobi. Ɗankwalinki kawai ake hangowa. Shugaban direbobi ya tambaye ki ko girki kika zo yi. Kika ce, "A'a, ƙanena, na ji an ce kujerunku sun ƙare, shi ne na rage muku nauyi." Aka yi dariya, amma ba wanda ya iya tashinki. Shekaru kina zuwa da ita, ana jin muryarki daga ƙasan tebur, ƙuri'a kuwa babu.

Ba don girma kike neman wurin ba. Kin sha gaya mini ranar da za a miƙa wankin ga ɗan kwangila a sallame mu, ba wanda zai ajiye aiki dominmu matuƙar ba a karɓe mu ba. Ga shi ana ta raɗe-raɗin ranar ta matso.

Da aka watse zaman makoki, babban ɗanki ya kawo mini kujerar, ya ce haka kika bar wasiyya. Na ce masa muryata ko ƙarshen ɗaki ba ta kaiwa. Ya ce ya faɗa miki haka, kika ce to su matso. Amana ce, kuma an karantar da ni hukuncin wanda ya ci ta. Zan je.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ga maigidanta da 'ya'yanta da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayanta.

A taron wata mai kamawa za a duba maganar karɓarmu, kuma ƙa'ida ta ce sai ƙungiyoyi biyu daga cikinku sun miƙe sun tsaya mana. Ni dai zan zo da kujerar, in ajiye ta a bakin teburin kamar yadda aka saba. Wanda zai miƙe, don Allah ya ba ni amsa da wuri, in san gefen wa zan zauna.