Uku Na Kai Abuja, Uku Na Dawo da Su

Lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a Unguwar Boro, mace mai gudun rigima, wadda ko a zumuntar mata ta cocinmu ba a jin muryarta sai a waƙa. Mijina direban tanka ne, yana lodi a wajen Rido. 'Ya'yanmu uku, babbar mace tana ajin farko na sakandare, sai ƙannenta maza.

Da dogon hutu ya matso, na ƙudura kai su Abuja su buɗe ido. Na tsara gidan namun daji, da wurin lilo, da babban kantin nan mai matattakalar da ke tafiya da kanta, wadda autan ya gani a waya ya hana mu sakat. Masauki ne ya rage. Sai mijina ya ce yayarsa da ke can ta ce mu sauka wurinta, don me za a kama otal alhali Anti na da ɗakuna. Shi aiki ba zai bar shi zuwa ba. Ko da ya nace in haɗa wa yarinyar kayanta duka, har da rigar mawaƙan coci, ban kawo komai a raina ba.

Anti ta tarbe mu da shinkafa da kaza. Washegari yara sun sa sababbin kayan da na ɗinka musu za mu fita, sai ta ce babbar ta zauna ta riƙe mata jikanta, ta fara sabawa. Na tambaya sabawa da me. Ta yi dariya, ta ce ashe ƙaninta bai faɗa min ba: mai aikinta ta gudu, sun gama magana za a bar mata 'yata a madadinta, makaranta kuma sai a gani nan gaba. Har ta nuna min katifa a sito kusa da kicin. 'Yata na tsaye da takalmi a hannu, ni take kallo.

Na ce wa Anti hutu na kawo su, ba aikatau ba. Ta ce 'yar ƙaninta tata ce, tela ta tsaya a ɗinki. Na ce ranar da ta yi naƙudarta sai ta zo ta ɗauka. Na kira mijina, ya ce in rufa masa asiri, Anti ce ta samar masa aikin tankar. Na ce to shi ya zo ya kwana a siton.

Muka kwashi jakunkunanmu zuwa wani ƙaramin masauki a Nyanya, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Duk inda na tsara sai da muka je. A kan matattakalar nan, maza na ihu, 'yata kuwa ba ta saki hannuna ba.

Da muka dawo dangi suka zauna, suka ce in je in durƙusa wa Anti. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Mijina ya daɗe ba ya cin abincina, ya gaji ya dawo. Yarinyar tana ajin ƙarshe yanzu, rigar waƙarta na rataye a ɗakina.

Nadamata ɗaya ce: ban yi tambaya ba tun ina ninke kayan. 'Yan uwana mata, in za ku kai yara hutu birni aka ce ga masauki kyauta, ku tambayi wa zai kwana a ina, wa kuma zai dawo gida.