Awa uku da na ɗora wa dattijo

Shekarun baya, lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai raba wa manoma iri, na sayi laftof ta hannu a Gusau. Tana aiki lafiya, sai dai agogonta. Duk sanda na haɗa ta da intanet, sai in ga lokaci ya yi tsalle gaba. Ni kuma sai in duba wayata, in gyara shi da hannu, in ci gaba da harkata. Har wani alfahari nake ji, wai na iya kwamfuta.

Aikina shi ne tattara rahoton mako daga mutum biyu, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Doka ita ce kowa ya turo nasa ta imel ranar Alhamis kafin ƙarfe huɗu. Ni ranar ina ƙauye, sai Juma'a da safe nake buɗewa. Na Tsafe da hantsi yake turowa, ba mu taɓa samun matsala ba. Na Bungudu kuwa dattijo ne, tsohon malamin firamare, kuma kullum saƙonsa sai ya nuna shida da rabi, ko bakwai saura.

Na kira shi na yi masa magana. Ya ce, "Yallaɓai, ni dai kahin La'asar nika aikawa. Sai na aika nika tahiya masallaci."

Na ce, "Malam, ga shi ina gani a gabana. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ya ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri."

Da abin ya kai mako biyar, na rubuta wa shugabarmu. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce in ya sake za a nemi wani. Da wannan aikin yake ciyar da gidansa, kuma na sani.

Ana haka agogon ya ishe ni, na kai laftof ɗin wurin abokina mai gyara a Sabon Gari. Na shiga da ƙwarin gwiwa na ce masa ƙaramin batirin ciki ne ya mutu, ya canja min.

Ya ce, "Idan ka kashe ta ka kunna, shekara tana komawa baya?"

Na ce a'a.

"To ba batir ba ne. Da nawa take wucewa?"

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa ƙirgawa ba. Muka haɗa ta da intanet, ta yi tsallen a gabanmu: awa uku cif. Ya shiga saiti, ya juyo min da fuskar, yana dariya.

"Kai kana Gusau, kwamfutarka tana Dubai. Can aka sayo ta, ba wanda ya sauya mata ƙasa. Kai lambobin kawai kake gyarawa, ita kuwa ba ta san ta yi ƙaura ba."

Ya zaɓi lokacin Najeriya, ko minti biyu bai ɗauka ba. Ina cikin taya shi dariya sai na tuna da dattijon Bungudu. Na ce ya buɗe min imel. Saƙonnin dattijon nan duk sun koma inda suke: uku da rabi, huɗu saura kwata, uku da ashirin. Babu ko ɗaya da ya wuce huɗu.

A shagon na kira shugabarmu na faɗa mata. Ta ce za ta janye takardar, amma haƙuri ni zan je in bayar da bakina.

Washegari na hau mota zuwa Bungudu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Na durƙusa na yi bayani tun daga farko, ina ta haɗa Dubai da saiti. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi na hwara zargin kaina. Na ce ko tsuhwa ne, ina ganin na aika alhali ban aika ba. Ban ma hwaɗa wa iyali ba."

Ya sa aka kawo min fura. Na karɓa na sha.

Mun yi shekara biyu muna aiki tare bayan nan, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ne ban manta ba. Kuskuren saiti kowa yana iya yi, wannan bai dame ni ba. Abin da yake cina shi ne, mako biyar mutumin da ya girme ni yana faɗa min gaskiya, wayarsa tana aljihunsa da shaidar komai, amma ko sau ɗaya ban ce masa, "Malam, nuna min naka in gani" ba.