Yadda Na Sa Inji Ya Yi wa Surukina Magana

A makarantar mishan aka rene ni, a hannun wani Fada mai rula a dama da sanda a hagu, wanda ya koya mana cewa wanda ya ga kuskure ya yi shiru, bulalarsa ɗaya da mai kuskuren. Da wannan aƙida na koyar a aji, da ita na yi aiki a ɗakin injunan lissafi na wani kamfanin katako, zamanin da sai an huda kati kafin kwamfuta ta fahimci mutum, da ita kuma na yi ritaya na dawo Aboabo, unguwarmu ta Zango, na addabi maƙwabta. Na gyara wa ladan agogonsa, na gyara wa kafinta kusurwar taga. Mutum ɗaya ne ba ni da ikon gyarawa, shi ne mijin ’yata. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Ya zo ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, iyakar mu'amalarmu ke nan.

Mutumin kirki ne, ba na hana shi wannan. Boga ne, kamar yadda muke kiran wanda ya daɗe a Turai ya dawo, kuma ya dawo da imani mai ƙarfi cewa mutane na ruɗuwa amma inji ba ya ruɗuwa. ’Yata tana sayar da atamfa, tana da shago a nan Aboabo, da Asokore Mampong, da Buokrom. Sai ya yi mata rajista da wani kamfani na intanet mai nazarin ciniki. Ana aika masa abin da aka sayar, shi kuma ya nuna a allo, da layuka masu hawa da sauka, har ya ba da shawarar abin da za a saro.

Aika bayanan ne ya zama aikina, domin ’yata ta ga gara in shagala da kwamfuta unguwa ta huta. Kamfanin yana da ƙofa ta musamman da ake kira API, wadda ba mutum ke bi ta cikinta ba, manhaja ce ke magana da manhaja. Akwai kuma laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, kai naka kawai ka kira wanda kake so. Surukina ya ba ni mabuɗin sirri ta hannun matarsa. Na zauna na karanta littafin bayanin laburaren daga farko har ƙarshe, abin da na tabbata ko waɗanda suka rubuta shi ba su yi ba. A can wajen ƙarshe na ga cewa mai riƙe da irin mabuɗina ba aikawa kaɗai yake iya yi ba, yana iya manna sabon kati a allon, kusa da waɗanda injin ke mannawa da kansa. Na lura da wannan, na wuce.

Ana nan sai wani attajirin goro ya aurar da ’yarsa, aka zaɓi yayi a shagon ’yata. Yayi shi ne atamfar da amarya ke zaɓa, duk macen da za ta halarci bikin ta ɗinka irinta. Wannan kuwa kore ce shar da ja wur, da waɗansu tsuntsaye masu kama da fankar silin. Ranar bikin na leƙa titi, na ga kamar gonar barkono ta taso tana tafiya. Atamfar ta ƙare ƙaƙaf a duka shagunan, layinta a allo ya miƙe tsaye kamar hasumiya, injin kuma ya rubuta cewa a ƙaro ta da gaggawa.

Da yamma ’yata ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba.

"Baba, mai gidana zai aika Lome a cika mini sito da ita. Da jarin kayan Sallah fa! Direban da ke kawo mana kaya zai tashi ƙarshen makon nan."

"Ba ki gaya masa yayi ce ba?"

"Na gaya masa. Wai bikin ya yi mata talla, yanzu kowa sonta yake."

Mahaifiyarta, Hajiya, tana tsince wake, ta ce, "Ei! Talla? Wace mace ce za ta saya yanzu, a tare ta a kasuwa a ce mata, sannu, an gama biki kika zo? Wace amarya ce kuma za ta ɗauki ragowar wata? Masta, ka yi masa magana mana."

"Hajiya, surukina ne."

"Yoo. Sai ku ci tsuntsaye da Sallah."

Na gwada iyakar abin da al'ada ta yarda. Da ya zo gaisuwa, na dubi bango na ce, ruwan da ya zo da ƙarfi ba ya daɗewa. Ya ce, "Gaskiya ne, Baba, daminar bana sai addu'a." Ya sa takalminsa ya tafi.

Washegari bayan karin kumallo na ce wa Hajiya ta buɗe akwatunanta. Ta yi zaton zan yi mata wa'azin almubazzaranci, ta fara kare kanta tun ban ce uffan ba. Na ce zannuwan yayi da aka saya a shagon ’yarmu kawai nake so. Ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, kowace da tarihinta: wannan ta auren ’yar mai gidan burodi, wannan ta sunan jikan limaminmu, wannan kuma auren bai kai shekara ba amma atamfar na nan daram. Ni kuwa ina duba gefen kowane zani da tabarau, ina kwafe lambar da masaƙa ke bugawa a wurin.

Na rubuta ɗan gajeren shiri da zai bi ta laburaren ya tambayo cinikin kowace lamba tun daga ranar da aka kawo ta. A karon farko na yi gaggawa, na jero tambayoyin ba numfashi, sai kamfanin ya maido mini da saƙo cewa na cika yawan tambaya, in dakata. Raina ya ɓaci, amma na ga yana da gaskiya, domin ni ma haka nake yi wa ɗalibai. Na sa shirin ya riƙa jinkirtawa tsakanin tambaya da tambaya. Da amsoshin suka taru, na jera layukan a kati guda. Kowane ya hau kamar hasumiya, ya faɗo kamar guga a rijiya, bai sake motsi ba. Na sa na tsuntsayen a ƙarshe, yana tsaye a ƙololuwa shi kaɗai. A sama na rubuta: Atamfar biki, kafin biki da bayan biki.

Ina so a fahimce ni a nan. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, kuma ban ce injin ne ya faɗa ba. Sunana ne kawai ban sa ba, wanda a makarantarmu laifi ne mai zaman kansa, amma Fada ya daɗe da rasuwa. Na aika, katin ya zauna a allon tsakanin ’yan'uwansa kamar a can aka haife shi.

Surukina bai jira lokacin gaisuwa ba. Washegari da hantsi sai ga shi da waya a hannu, ya durƙusa yana haki.

"Baba, ka ga abin da nake faɗa? Injin nan ya gano wani abu! Ashe atamfar da aka yi yayi da ita, da an watse biki shi ke nan, ta mutu."

"Ikon Allah," na ce, ina kallon bango. "Shi da kansa ya gano?"

"Da kansa, Baba! Ai mata ba sa son a gan su da abin da aka riga aka yi biki da shi. Al'ada ce."

"To, to. Ashe haka matan Zango suke. Hajiya, kin ji?"

Hajiya ta tashi ta shige madafa da sauri, na ji tana tari irin wanda ba na mura ba.

Ya zauna ya yi mini darasi a kan yayi har aka kusa kiran azahar, ni da na ga yayin auren mahaifiyarsa da idona. Ban katse shi ba. Na ma yi masa tambayoyi, ya amsa da haƙuri irin na mai koyar da tsoho. A gabana ya buga wa direban waya ya ce a bar tsuntsaye, a kawo kayan Sallah kamar yadda matarsa ta tsara tun farko.

Sai dai turmi ɗaya ya riga ya iso, wanda dillalin Lome ya aiko a gani. Ana jibi Sallah ’yata ta zo da ƙunshi ta ajiye a gabana. Na buɗe, sai ga riga da wando, kore shar da ja wur, tsuntsu guda ya baje fukafukai daidai ƙirji. Ni da ban taɓa sa wani launi ba sai fari.

"Mai gidana ne ya ce a ɗinka maka, Baba, saboda ka saurare shi ran nan. Ka san kyautar suruki ba a mayarwa."

Na dube ta, ta dube ni, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Na ce masa ko a ba ka fara," in ji ta, "sai na duba allo, ban ga injin ya ce komai a kai ba."

Da rigar na je idi. Ɗinkin dai, in faɗi gaskiya, ba shi da kuskure ko ɗaya, na duba.