Takardun Malam da Muka Sha

Makon jiya wasu mutane daga wajen Shuwak suka kawo mana kwali guda na takardun mahaifinsu, wani liman da ya daɗe da rasuwa. Aikina ke nan a birnin Gadarif, gabas da Khartum. A wani ɗan ɗaki muke tattara abin da magabatan wannan yanki suka bari na rubutu, 'yan majalisa da lauyoyi da limamai, har da wani fada na coci, mu kakkaɓe ƙura, mu jera. Da na buɗe kwalin sai ƙanshin tawada ya daki hancina, irin ta gida wadda ake haɗawa da ƙaro da baƙin gindin tukunya. Sai da na nemi wuri na zauna. Ban sani ba ko mai karatu zai gane, amma ni wannan tawada ba a hanci kawai na san ta ba. Na san ɗanɗanonta a harshe.

A wata hilla, wato ɗan ƙauye, kusa da Doka aka haife ni. Kakanninmu da shanu suka taso daga yamma da niyyar Makka, suka ga ciyawa, suka zauna. Ƙasarmu baƙa ce. Da rani takan tsattsage har ɗan akuya ya karya ƙafa, da damina kuma ta koma laka mai ƙwace wa mutum takalmi. Kakana, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ne limamin hillar, shi ne kuma bakinta a gaban hukuma, don shi kaɗai ya iya Larabcin da ake rubuta wa manya.

Ni ban ga farkon abin ba, ji na yi. An ce wata shekara aka wayi gari an kakkafa turaku a daji, daga baya taraktoci suka biyo. Mashru ke nan ya iso, manyan gonakin dawa da riɗi da attajirai ke nomawa da inji. Suka ci burtalin da shanunmu ke bi, suka zagaye hafirin da muke sha, wato tafkin da iyayenmu suka haƙa da hannunsu. Malam ya fara rubutu. Ya rubuta wa majalisa, ya rubuta wa wani lauya a birni, ya rubuta wa ɗan siyasar da kan zo mana lokacin zaɓe da buhun sukari. Kowace takarda biyu yake yi, ya hau lori ya kai ɗaya, ɗaya kuma ya saka a wani koren akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari. Burtalin bai dawo ba. Shanu suka ƙare, mazanmu suka koma 'yan ƙwadago a gonakin, mahaifina ma direban tarakta ya zama. Amma Malam bai daina ajiya ba.

Abin da na gani da idona shi ne shan iskar takardu. Idan ruwa ya ɗauke, ana cikin yankan riɗi, sai Malam ya jawo akwatin tsakar gida da hantsi, ya shimfiɗa tabarma, ya baje takardun don danshi ya fita, yana danne kowace da ƙaramin kofin gahawa. Iska tana kawo ƙarar inji daga nesa, kaji suna leƙe, ni kuma ina ta zagaye tabarmar.

“Amarya, janye ƙafarki,” in ji shi, don haka yake tsokanata. “Kin taka hafirin garinku.”

Na ce, “Wannan ai takarda ce, tsohon ango.”

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, “Ƙasa ba ta da baki. Ran da aka tambaya su wa suka fara zama a nan, wannan akwati ne zai amsa.”

Ba zan rantse cewa kalmominsa ke nan daidai ba. Yarinya ce ni, kuma na maimaita su a raina sau da yawa har ina tsoron na yi musu gyara. Amma ma'anar ke nan.

Da Malam ya rasu, akwatin ya koma ɗakin Kaka, matarsa. Kaka ba ta karatu. A wurinta duk abin da ya fito daga alƙalamin Malam rubutun Malam ne, kuma ta yi shekara da shekaru tana ganin yana rubuta aya a allo, a wanke, marar lafiya ya sha.

Daminar da ta biyo baya na kamu da kalazar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa. Hanya ta rufe. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san idan laka ta kama, ko lori ba ya motsi, tarakta ma sai ta yi sa'a. Mahaifina yana can sansanin gona, ba labari. Ina kwance a bukka ina jin ruwa yana ɗiga daga jinka, cikina ya yi tulu, ƙafafuna kamar sillen kara. Wata safiya na ga Kaka ta jawo koren akwatin, ta daɗe tana zaɓe, ta fito da takarda ta nutsa a ƙwarya, tana murzawa a hankali da yatsa har ruwan ya yi baƙi. Ta tallabo kaina.

“Shanye, ƙawata. Angonki ne ya aiko miki.”

Akwai ɗaci, akwai hayaƙi, da ɗan danƙon ƙaro da ke manne wa dasashi. Na shanye. Da hanya ta bushe aka kai ni asibiti aka yi mini allurai masu yawa, na tashi. Na yi karatu, na san abin da likita zai ce, kuma ina ganin gaskiyarsa ce. Amma a hillarmu ba wanda ya yi maganar allura.

Daga nan mutane suka fara sallama a ƙofar Kaka. Mai naƙuda da ta daɗe a durƙushe, ɗan ƙwadagon da maciji ya sara a cikin riɗi, uwar da yaronta ke firgita. Kaka ba ta taɓa hana kowa ba, ba ta kuma taɓa karɓar ko ƙwayar dawa ba. Sau ɗaya na ji an yi mata magana. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya ɗan taɓa makaranta, ya tarar da ita da ƙwarya a hannu za ta wanke wa wata mai naƙuda takarda, ya karɓi takardar ya duba.

“Iya, wannan fa ba aya ba ce. Koke ne zuwa majalisa.”

“Da me ya fara?”

“Da Bismillahi.”

“Hannun wa?”

“Hannun Malam.”

“To ba ni abina. Majalisar ta sha nata, me ta yi mana? Bari wannan baiwar Allah ta sha.”

Baffa ya miƙa mata, ya fita. Ban ga laifinsa ba. Matar tana nishi a bayan zana, kuma mahaifiyarsa ce ta yi magana.

Sai da na je jami'a a Khartum na karanta tarihi sannan abin ya fara hana ni sukuni. Malaminmu ya ce wata rana, mutanen da ba su bar takarda ba, masu zuwa za su ɗauka ba su taɓa cewa komai ba. Nan take na tuna akwatin. Na riƙa lallashin kaina cewa takardun suna da yawa, ba yadda za a yi a ce an taɓa duka, wataƙila rabi, wataƙila ma ƙasa da haka. Da na gama na sami wannan aiki, na sayi jakunkunan ajiye takardu, na hau motar Doka. Duk hanya ina kallon dawa ta miƙe har ƙarshen gani, ba bishiya ko ɗaya, ina addu'a.

Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo. Ta sa aka jawo akwatin, ta ba ni mabuɗin daga bakin zanenta. Akwatin cike yake, har na fara hamdala. Sai na ɗaga ta farko. Takarda ce mai toka-toka, ta yamutse kamar busasshen ganye, ba harafi ko ɗaya. Ta biyu haka. Na yi ta ɗagawa har ƙasa. Ashe duk wadda ta wanke sai ta shanya ta, ta mayar wurinta a jere, don takardar Malam ba abin yarwa ba ce.

Na ce, “Kaka, ina amsoshin lauya? Waɗanda aka buga da inji?”

“Waɗannan masu taurin kan? Sun ƙi wankuwa. Ga sunan Allah a kansu, ba a barin su gara ta ci. Na sa an naɗe su a farin ƙyalle an binne a bayan hilla, wuri mai tsarki.”

Na san wurin. Gona ce yanzu, garmar tarakta ta bi ta kansa damina bayan damina.

Ta laluba gefen akwatin ta zaro wata da ta naɗe daban, doguwa, ta ɗora mini a cinya. “Ga taki, wadda kika sha. Na zaɓa miki wadda ta fi kowace tawada. Har da tambarin yatsu a ƙasanta, reras.”

Na gane ta. Na sha ganinta a kan tabarma. Ita ce babbar takardar koken da duk masu gida na hillar suka dangwala wa yatsa, kowa da sunansa da sunan ubansa da inda shanunsa ke sha. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce mata wannan ita ce shaidarmu, ita kaɗai, Malam ya ƙare rayuwarsa a kanta.

Kaka ta bari na gama. Ta ce, “Ƙawata, da takardar ta zauna ke kin tafi, wa zai karanta ta?”

Na buɗe baki in ce allura ce ta warkar da ni. Na dubi hannunta a kan murfin akwatin, na fasa. Har ta rasu ban faɗa ba, kuma har yau ban san ko shirun nan daidai ne ba.

Na nemi 'yan'uwan takardun, waɗanda Malam ya kai birni. Na tambaya inda ya kamata, na duba abin da aka ba ni izini. Ba na cewa babu su, ina cewa ni ban gani ba. Takardun lauyoyi da 'yan majalisa na wancan zamani da suka iso ɗakinmu na bi su shafi shafi, ban ci karo da sunan hillarmu ba. Masu yatsun nan duk sun kwanta dama. Hafirin ya cike da ƙasa, samari sun watse, wasu birni, wasu wajen haƙar zinariya. 'Ya'yan baffana sun san Malam a matsayin waliyyin da rubutunsa ke warkarwa. Idan na ce musu ya yi shekaru yana jayayya da hukuma a kan burtali, sai su tambaye ni wane burtali.

Akwatin yana ƙarƙashin teburina a wurin aiki. Na kasa jera shi da sauran, na kuma kasa mayar da shi gida. Ran da aka kawo kwalin Shuwak, shugabanmu, wani dattijo mai haƙuri, ya lura da shi, ya tambaye ni da Larabci na wane ne. Na ce na wani liman ne daga wajen Doka. Ya buɗe, ya ɗaga takarda ɗaya ya duba ta a hasken taga, ya juya bayanta, ya ɗaga wata.

“'Yata, ina rubutun?”

Na ce, “Mun sha.”