Balbela a Kan Juji

Shekarar da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki a Kano ina da kamar shekara tara. Mu muna ƙauyenmu a gefen Dogo-Dogo, kuma iyakar abin da muka sani game da masaƙa shi ne bayan 'yan watanni Baba yakan zo da guntayen atamfa da sabulu da sukari, ya kwana biyar ya koma. Wannan karon sai ya sauko daga motar kasuwa da akwatinsa da katifarsa a naɗe. Inna na ganin katifar ta shige ɗaki, don ba a taɓa ganin mai zuwa hutu da katifa ba.

Baba ya ce ba korar su aka yi ba. An dai ce kaya ba sa tafiya, kowa ya je gida ya jira, in kasuwa ta gyaru za a aiko. Shi ke nan ya zauna jira. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ɗauki rediyo ya zauna a zaure. Ranar kasuwar Dungas ya je ya tare direbobi yana tambaya ko an ba da saƙo. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Damanar shekarar ba ta yi albarka ba, rumbunmu kuwa tun kafin sanyi ya kankama sai an zura hannu har kafaɗa ake taɓa damin gero. Inna ta sayar da akuya ɗaya, ta sake sayar da wata. Duk wanda ya ce wa Baba ya taɓa wata sana'a kafin a aiko, sai ya ce mutumin da ya shekara goma sha biyu yana juya injin da ya fi ɗakin nan girma ba zai koma yankan gamba ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai a gidan ita ce Iya, mahaifiyarsa. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama su yi magana. In ta kama dole a ambace shi sai ta ce "wancan na zaure". To ga magana cike da bakinta, ga kunya ta hana ta fitar da ita. Sai ta huce a kan kaji da tukwane. Tsakinta a watannin nan har daga gidan maƙwabta ana jin sa.

Al'adarta ce in sanyi ya shigo, bayan sallar isha sai ta haɗa kara ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Sai ta dire ƙwaryar gyaɗa a tsakiya, kunne na saurare hannu na ɓara, wanda ta ga ya kai hannu baki kuwa ya sha muciya a gwiwa. Ni takan ce da ni mijin banza, wai ban taɓa kawo mata ko goro ba. In za ta fara sai ta ce mu ba ta aron kunne mu riƙe bakinmu, mu ce mun bayar.

A shekarar nan sai ta ɗauke wutar daga ƙofar ɗakinta ta mai da ita jikin zanan da ya raba tsakar gida da zaure. Muka ce wurin akwai iska, ta ce mai jin iska ya je ya kwanta. Muryarta ma ta ƙara ƙarfi, kamar mu duka mun kurumce.

Ta ce wai akwai wata balbela da take bin garken wani makiyayi. Shanu na tafiya tana tsintar kaska a jikinsu da farar da suke tayarwa a ciyawa, ba ta taɓa sanin yunwa ba, rigarta kullum fara tas. Rannan fari ya zo, makiyayi ya kora shanunsa kudu cikin dare. Da gari ya waye balbela ta tarar da turaku babu kowa. Sai ta hau kan turke ɗaya ta tsaya, ta ce ai shanu ba sa manta wurin kwanansu. Kaza ta zo wucewa ta ce mata ta sauko su je juji su yi tono. Balbela ta dubi rigarta, ta dubi ƙafafun kaza, ta ce ita ba a haife ta don tono ba. Kaza ta tafi ta yi tononta, ta cika ciki, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Balbela kuwa tana nan a kan turke har wuyanta ya koma kamar zare, rannan iska ta taso ta ɗauke ta, ba a sake ganinta ba.

"Da rigar tata fara tas," in ji Iya, tana fuskantar zana. "Ko ɗigon datti babu."

Daga zaure muka ji an rage muryar rediyo. Washegari ta sake yin ta balbela. Dare na uku ma ita ce. Muka gaji. Na ce mata wai ba ta da wata ne, ta ce in na gaji in je in samo kakar da ta fi ta. A daren na uku an kashe rediyon gaba ɗaya, ba mu ji ko tari ba.

Kwana biyu bayan nan Baba ya sayar da katifarsa. Ya sayo kayan koli, allurai da zare da madubai da sabulu da batir, ya ari jakin maƙwabcinmu. Na tuna safiyar da ya fita da tsohuwar riga, Iya tana bakin murhu ta juya masa baya, amma na ga tana murmushi. Ranar har ta ba ni ƙanzon tuwo ba tare da na roƙa ba.

Ya ci kasuwar Dungas sau biyu, ya shiga mota ya gwada ta Waca sau ɗaya. Kullum kayan da ya fita da su kusan su yake dawowa da su. Daga baya ya ba Inna labari ina ji. Layin 'yan koli da a da bai wuce mutum biyar ba ya miƙe har bakin mahauta, kuma rabinsu waɗanda suka dawo daga Kano ne kamarsa. Har mutumin da yake shugabansu a masaƙa ya gani zaune a kan buhu da irin alluransa da irin madubansa. Masu saye kuwa babu. Mace za ta ɗauki madubi ta kalli kanta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ajiye ta wuce. Wanda bai da na awo ina zai ga na madubi?

Ranar da ya dawo daga Waca ya sauke kayan a tsakar gida, abin da bai saba ba. Iya tana zaune nan kusa tana tsince wake. Bai dube ta ba. Ni ya kira, ya ɗaga murya ya ce:

"Je ka gaya wa kakarka balbela ta je juji. Ta tarar tsuntsayen duniya duk sun riga ta."

Ban je ko'ina ba, don tsakaninta da shi bai fi taku uku ba. Ita kuma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintarta, sai dai na ga wake mai kyau take zubarwa a cikin tsakuwa.

Da dare muka taru, ta ce mu ba ta aron kunne, sai ga balbela kuma. Muka yi ta gunaguni. Amma da aka zo wurin da kaza ta ce a je juji, sai balbelar Iya ta sauko daga turke ta bi ta. Suka isa suka tarar da kurciya da zabuwa da hankaka da tattabara, har da shaho wanda bai taɓa sa ƙafa a ƙasa ba, kowa na tono. Wannan ya tona ya watsa wa wancan, wancan ya tona ya mayar masa. Suka yi ta yi har suka kai ga ƙasa mai tauri, ko ƙwayar gero ɗaya ba a samu ba. Kazar da ta ba da shawara ma ita ta fi kowa ramewa.

Na ce ai ba haka take ba, jiya-jiyan nan iska ce ta ɗauke ta.

"Tatsuniyar ubanka ce?" in ji Iya.

Ƙanwata ta tambaya to daga nan sai me. Iya ta ce sai rana ta faɗi kowa ya koma gida. Ƙanwata ta ce to me suka ci? Iya ta daɗe tana tona toka da kara, sannan ta ce ba ta sani ba, ita ma a nan aka tsaya mata. Ta zaro dankalin da ta binne a cikin tokar, wanda muka sa rai namu ne, ta kaɗe shi ta miƙo mini ta ce in kai wa wancan. Haushi ya cika ni a daren nan, ga tatsuniya ba ƙarshe, ga dankali ya tafi zaure.

Ba a taɓa aiko wa Baba ba. Ranin nan mun sha wuya. Inna ta kwashe ƙannena ta tafi gidan iyayenta wata biyu don a rage baki, ni kuma na bar lakwal, wato makarantar boko, ban sake komawa ba. Baba ya shiga aikin lambun mutane, yana ban ruwa ana ba shi abin da ya samu. Iya ta fitar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya ta ba dillaliya. Da ruwa ya sauka Baba ya ɗauki hauya, kuma manomi ya zama har ya bar duniya. Iya ta yi mana tatsuniyoyi da yawa bayan nan, amma ba ta ƙara taɓa balbela ba.

Yau ni ne mai gida a Magarya, da mata da 'ya'ya biyar. Na shekara da shekaru ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya ta wani Alhaji, ina kai dabbobi da wake hayin iyaka in ɗauko kaya in dawo. Sai naira ta soma faɗuwa, mutum ya kai sa ya sayar, in ya canza kuɗin zuwa sefa, kuɗin ƙasarmu, ya ga kamar akuya ya kai. Aka zo aka rufe iyaka, da aka buɗe kuma ciniki bai dawo yadda yake ba. Rannan Alhaji ya karɓi makulli ya ce in je gida in ɗan jira, in abubuwa sun gyaru zai aiko. Dariya ta kusa kama ni a gabansa.

Ban jira ko kwana ɗaya ba. Na ce ni ba zan tsaya a kan turke ba. Rabi matata ta sayar da tumakinta, na sayi moto, wato babur, na shiga kabu-kabu. Ranar farko da na isa tasha na tarar da mahaucin unguwarmu, da wani malamin lakwal, da ɗan canjin da nake canza naira a wurinsa, da direbobi huɗu da na sani, kowa zaune a kan motonsa. In fasinja ɗaya ya sauko, mu goma ne a kansa, shi kuma ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ɗora jakarsa a ka ya tafi a ƙafa. Da yamma in dawo gida in kunna rediyo, in ji wani mai ƙatuwar murya yana cewa matsalar mutanenmu ita ce girman kai da zaman banza, kowa ya tashi ya nemi sana'a. Wace sana'a ce ta rage? Wa zai saya?

Na daɗe ina ɗauka darasin Iya shi ne na farkon, kada mutum ya raina aiki. Wannan gaskiya ce, ban musa ba, Baba ma sai da ya tuɓe farar riga muka rayu. Amma abin da nake yawan tunawa yanzu shi ne dare na ƙarshen. Tsohuwar nan ta kwana uku tana jifan ɗanta da magana, tana da tabbacin laifin nasa ne. Da ta ga ba haka abin yake ba, ba ta ce ai bai iya ciniki ba ne, ba ta ce bai yi haƙuri ba. Ta zauna a gaban jikokinta ta warware tatsuniyarta da bakinta, ta ce ba ta sani ba. Tun da aka shiga wannan halin na ji masu shawara sun fi a ƙirga, a rediyo da majalisa da gidan suna, ban ji ko ɗaya ya dawo ya gyara maganarsa ba.

Makon jiya maƙwabcina Malam Idi tela ya zo mini bayan magariba. Ya ce tun bayan sallah ko ɗankwali ba a kawo masa ba, yana tunanin ya sayar da keken ɗinkinsa ya sayi moto, me na gani? Na buɗe baki zan zuba masa shawara, sai na rufe. Na ce masa wallahi ban sani ba, Malam Idi, amma in don ta tasha ce, mun yi yawa. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode, gaskiya na faɗa masa.

Ranar Laraba ina zaune a tasha sai ga shi ya tsaya kusa da ni da sabon moto, ledar kujera ma bai cire ba. Ya gaishe ni, ya tambaye ni nawa ake kai mutum asibiti.