Sunan Yayana a Gurbin Uba

Ɗana na fari ya zo hutu bara daga ƙasar da yake aikin jinya. Ya same mu a Talata Mafara, inda muka koma tun da zama ya gagara a Gidan Goga. Bayan la'asar ya baje wasu takardu a kan tabarmata. Ya ce na neman izinin zama na dindindin ne a can, kuma mutanen ba sa yafe kuskure: abu ɗaya ya saɓa da fasfo, sai su mayar da komai. Tunda na yi aji bakwai, kuma na taɓa riƙe rajistar asibitin ƙauye, yana so in duba masa kafin ya tura.

Na sa tabarau, na riƙa bin layi da yatsa. Na gano ya rubuta Bakura a wurin haihuwa, alhali a Maradun aka haife shi, haka ma fasfonsa ya nuna. Ya gyara yana dariya, ya ce idon tsoho ya fi na'ura.

Sai na iso gurbin sunan uba. Sunan yayana ne a wurin.

Ni na jawo. Da aka haife shi, kunyar ɗan fari ta riƙe ni fiye da kima. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ana yaye shi na bar wa yayana shi a Bakura. Ranar da za a sa shi makaranta na raka su, malamin ya tambayi sunan uba, na sunkuyar da kai na faɗi na yayana. A ganina tarbiyya nake nunawa. Daga wannan rajistar sunan ya bi shi sakandare, ya bi shi har fasfo. Yayana ya daɗe da rasuwa, amma har yau Baffa yaron yake ce mini.

Ya ga yatsana ya tsaya. A hankali ya bayyana mini cewa layin da ke ƙasa yana tambaya ko uban yana raye, don mai iyaye a raye yana iya nema musu ziyara daga baya. Shi ya cika cewa uban ya rasu, domin abin da takardu suka sani ke nan. In zai gyara, sai rantsuwar kotu da sabon fasfo, kuma wa'adin da aka ba shi zai wuce. Mai yiwuwa ya rasa aikin da yake ciyar da 'ya'yansa uku.

"Baffa, in ka ce in gyara, zan gyara."

Na daɗe ina kallon layin. Shekara arba'in nake marmarin in ji haka daga bakinsa, kuma na san abin da gyaran zai jawo masa.

"Babu kuskure a nan," na ce. "Mu je shafi na gaba."

Washegari ya tura. Bayan wasu watanni aka ba shi izinin. Da ya kira ya faɗa mini, na yi masa barka, na ce Allah Ya sa albarka, sannan na miƙa wa mahaifiyarsa wayar, su yi maganar tafiyarta ziyara wurinsa, tunda ita sunanta yana cikin takardun.