Kan da Yaya Habu ya auna

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, malamin kimiyya a wata sakandare a Dutse. Allah Ya jiƙansa. Har yau idan na tuna abin da unguwarmu ta yi masa, sai abinci ya fita raina.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba ya samo wata tsohuwar kwamfuta ya kafa a zauren gidanmu na Limawa. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: idan mutum ya kara oba-oba, rediyon magana irin na 'yan sanda, a kunne, nawa ne daga ƙarfin da eriyarta ke fitarwa yake shiga cikin kansa, kuma a ina yake taruwa? Da amsar yake fatan kammala digirinsa na biyu. Ya sa aka yi mini aski ƙwal, ya auna kaina da tef ɗin tela, yana tsokanata wai ƙeyata ta isa a shanya gero. Ya zana kan a na'ura, ya rarraba shi ƙananan gidaje, fata daban, ƙashi daban, ƙwaƙwalwa daban. Inda lissafi ya nuna ƙarfin ya fi taruwa, sai wurin ya yi ja. Shekaru ya kwashe a kan wannan, wuta ta zo ya yi, ta ɗauke ya jira.

Sai ga shekarun ƙaddamar da shari'a, lokacin da wasu suka naɗa kansu masu gadin imanin maƙwabta. Maƙwabcinmu Alhaji Ɗanlami ya kamu da ciwon kai mai tsanani. Wani ya leƙa zaurenmu ya ga kan mutum a fuskar kwamfutar da jan tabo a gefen kunne. Kafin la'asar magana ta gama unguwa, wai Malam Habu ya saka kan Alhaji a na'ura yana gasawa.

Mutanen unguwa suka cika ƙofar gida, har da Alhajin. Na cire hula na ce, "Alhaji, wallahi kaina ne. Ku duba ƙeyar nan!"

Ya ce, "Kai, rufe mana baki. Mai tsoron Allah ba ya ajiye kan mutum a akwati."

Liman ya ce shari'a ba ta hukunci da zato, ba wanda ya saurare shi. Da taɓarya suka farfasa kwamfutar, aikin duka ya tafi da ita. Digiri bai samu ba, kuma har ya koma ga Allah akwai masu ƙin ba shi hannu a masallaci. Daga baya aka kai Alhaji asibiti a Jahun, aka ce hawan jini ne. Ko mutum ɗaya bai zo ba da haƙuri ba.

Yau masu taɓaryar nan wuni suke da waya soke a ƙarƙashin hula, manne da kunne. Su ne kuma ke turo mana saƙon murya wai masana sun ce waya na dafa ƙwaƙwalwa. Wane masani? Wanda kuke da shi ai kun fasa masa kayan aiki. Abin ƙyama ne, wallahi.

Me zai ce da ya gan su? Na san ba zai yi dariya ba. Duk sanda na matsa masa ko abin yana cutarwa, amsarsa ɗaya ce: "Ban sani ba tukuna, bari lissafi ya gama." Wannan kalma ita ce gadon da ya bar mini, a garin da kowa ya riga ya san komai.

Lissafin bai gama ba. Kan kuwa yana nan a wuyana, ya yi furfura, kuma har yau ba wanda ya zo ya duba ƙeyar.